Ranar da Aka Tambayi Don Hermágoras Ra'ayinsa

Nereida Chirinos ta shekara goma sha tara tana koyar da 'yan aji huɗu a garin Cabimas kafin ciwon maƙogwaro ya raba ta da alli. Daga nan ta kama aiki da wani ƙaramin kamfani mai auna ra'ayin jama'a. Aikin dai shi ne ta bi gida-gida da takarda da biro, ta yi tambayoyi goma sha biyu, ta rubuta amsa. A ƙasan kowace takarda sai ta sa sunan mai amsar da lambar gidansa, don shugabanta ya tabbatar ba gindin bishiya ta zauna ta cike su ba.

Ranar Talatar da abin ya faru, an tura ta wata unguwa ta bakin tafki, inda injinan zuƙo mai suke wuni suna sunkuyo suna ɗagowa a bayan gidajen mutane. Ana gobe za ta je, Shugaba ya shafe awa biyar a talabijin yana yi wa Amurka wankin babban bargo, ya rantse in suka ƙara tsoma baki a harkar ƙasar ba za su sake ganin ɗigon mai ba. Gari ya tashi a rabe. Wasu na ta kiɗa da jan ƙyalle a wuya, wasu na buga tukwane ta taga don haushi.

Zuleima, mai suyar mandoca, wani soyayyen ƙullun masara da ayaba, a bakin layi, ba ta ma bari an gama tambayar ko tana goyon bayan Shugaba ba.

"Rubuta ina sonsa, Malama. Shi ya kawo likita layin nan. Uwata har ta mutu ba ta taɓa ganin mai farar riga ba."

Ildemaro mai walda ya leƙo ta kan katanga. "To likitan ya ba ki madara? Wata uku babu madara a kanti, shi yana can yana dambe da Amurka da fatar baki!"

"Kai dai ka tafi can ka wanke musu bayan gida, mu huta!"

"Sa ni a jirgi mana, makauniya!"

Zuleima ta yi dariya, ta miƙa masa mandoca mai zafi ta kan katangar, ya karɓa yana hurawa. Amma da Nereida ta zo kansa, ya gama zazzaga abin da ke cikinsa, sai ya rage murya ya ce, "Sunan nan da kike sawa, wa zai gani?" Ta ce babu kowa sai ofis. Ya daɗe yana kallonta kafin ya faɗi lambar gidan.

Wajen ƙarfe biyu na rana ta isa gida na ashirin da uku, na ƙarshe kafin ruwa. Hermágoras Nava, wanda ake kira Don Hermágoras saboda girmamawa, masunci ɗan shekara saba'in da huɗu, yana zaune a ƙofa yana ɗinke raga wadda ɗanyen mai ya mayar baƙa ƙirin. Ta ƙofar ana hango hoton Shugaba a bango, kusa da na waliyyi San Benito.

"Rubuta ina bayansa," in ji tsohon. "Tun ina tsirara nake ganin Amurkawa suna kwasar man nan. Suna zaune bayan waya da koriyar ciyawa, mu ko ruwan famfo babu. Shi ne na farko da ya dube su ido cikin ido. Kin rubuta? To ƙara da wannan: bututun can wata takwas yana yoyo, ya kashe mini kifi, babu ɗan iskan da ya leƙo."

"Don Hermágoras, gurbi ɗaya ne. Ko e, ko a'a."

"To ki ƙara gurbi, 'yata. Biron a hannunki yake."

Tana cikin dariya ta ji ƙarar babura. Guda shida ne, kowanne da mutum biyu masu jan ƙyalle a wuya, suka tare bakin layin. Na gaba ya cire hular kwano, ta gane shi nan take. Orángel ne, wanda ta koya wa rabawa da ninkawa shekaru ashirin da suka wuce.

"Malama, ina wuni? An ce kina ta wahalar rubuta mana sunayen masu sayar da ƙasa. Kawo mu taya ki."

Ta rungume jakar takardun a ƙirji. "Orángel, wannan ba naka ba ne. Da naku da waɗanda ba naku ba, duk suna ciki."

"Shi ya sa za mu tace."

Ta tuna yadda Ildemaro ya dube ta. Akwai mutum tara irinsa a jakar, ɗaya ma a gidan da gwamnati ta ba ta take zaune. Ta ja baya taku biyu. A gefen gidan akwai kwata mai faɗi wadda man bututun ke taruwa a ciki, baƙi, mai kauri kamar kunu. Ta zaro takardun duka ta watsa su ciki, ta sa ƙafa ta danna.

Ba Orángel ne ya fara taɓa ta ba. Wani siriri ne mai tabo a leɓe ya diro daga babur ya kwaɗa mata gindin bindiga a baki. Ta ji haƙoranta biyu a kan harshe. Ta faɗi, ya taka mata hannun dama da takalmin soja, ya murza, ƙashin ya ce ƙas.

"'Yar aiken Amurkawa! Nawa suka saye ki, tsohuwar banza?"

Don Hermágoras ya miƙe da gorar tuƙa kwalekwalensa.

"Kai, ɗan wa ne kai? Mace a ƙofar gidana? Ni na zaɓi Shugaban nan sau huɗu tun kana fitsarin kwance! Ɗaga ƙafarka!"

"Baba, koma ciki," in ji Orángel. "Kai namu ne."

"Uwaka ce taku!"

Ya sauke gorar a kafaɗar mai tabon. Saurayin ya juya ya harba sau biyu. Tsohon ya zauna daɓas a kan ragarsa, ya dubi rigarsa kamar yana mamakin abin da ya ɓata ta, sannan ya kife.

Sai Zuleima ta taho a guje da kaskon suyarta, jan ƙyallenta na wuya, ta sheƙa wa mai tabon tafasasshen mai a fuska. Ihun da ya yi ne ya fito da unguwar. Maza da mata, masu son Shugaba da masu zaginsa, kowa da abin da hannunsa ya kai: dutse, adda, kwalba, bulo. 'Yan baburan suka juya suna harbi sama da ƙasa. Harsashi ya fasa cinyar wani mai gyaran taya, wani ya tsinke kunnen wata mata. Orángel ya ja babur ɗinsa ya bi sauran, ko waiwaye bai yi ba.

Mai tabon suka bari a ƙasa, ba ya gani. Ildemaro ne ya fara kai masa rodi a gwiwa. Daga nan Nereida ba ta iya bambance hannun wani da na wani ba. Ta ja jiki da gwiwar hannu ɗaya tana cewa ya isa, ya isa, amma muryar da ta kasa cika aji ba ta kai ko'ina ba, jini kawai take furzarwa. Suka cinna wa babur ɗinsa wuta. Da 'yan sanda suka iso bayan awa biyu, gawa biyu suka tarar, ƙudaje sun riga su.

Ranar jana'izar tsohon, motoci biyu suka zo. Ta farko ta kawo tuta da furanni da mai lasifika, wanda ya ce Don Hermágoras jarumin talakawa ne, 'yan koren Amurka suka kashe shi. Ta biyu ta kawo masu ɗaukar hoto da wani lauya, wanda ya ce ga abin da mulkin nan yake yi wa mai faɗin gaskiya. Tun akwatin bai fita daga gida ba suka fara jifan juna da kujeru. Yajaira, babbar 'yar mamacin, ta fito da addar fasa kwakwa ta tsaya a ƙofa.

"Duk wanda bai taɓa cin kifin ubana ba, ya bar layin nan kafin in ƙirga uku."

Masunta shida ne suka ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabarta. Nereida ta bi su a baya, hannu a naɗe, baki a kumbure.

Bayan mako uku shugabanta ya kira ta ya ce ko za ta iya sake cike takardun daga abin da ta tuna, tun da unguwar ce kaɗai ta rage. Ta ce ba ta tuna komai, ta kuma ce ya nemi wata ma'aikaciyar. Ildemaro ya tsallaka Kolombiya, don wani ya ɗauki hotonsa riƙe da rodin. Zuleima ta yi wata huɗu a tsare, ta fito ta koma wurin 'yarta a garin Valera.

Hannun Nereida bai miƙe daidai ba. Ta koma garin Ciudad Ojeda, tana taya ƙanwarta tsaron shagon zare da maɓalli. Sau ɗaya ta sake ganin Orángel, a layin sayen iskar gas, ya yi ƙiba, yana riƙe da tukunyar a kafaɗa. Ya sauke ta ƙasa ya ce, "Malama." Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, sannan ta matsa gaba, don layin ya motsa.