Rawanin Salansa

Halfan direban bas ɗin 'yan makaranta ne a Bidiya, kuma duk garin an san bai taɓa wuce wata mota a hanya ba. Sai Allah ya ba shi ɗa irin Hilal, wanda ba shi da magana sai ta tseren hawan tudun rairayi.

Bara a wurin gasar, Hilal ya kai rabin tudu motarsa ta kama da wuta. Turbo ɗin da ya sa wa injin don ƙara masa ƙarfi ya gasa salansa har ta yi ja, zafin ya narkar da tiyon mai da ke kusa da ita. Yaron ya fito da ransa, amma da ƙuna a ƙwauri. Tun daga ranar Halfan bai ƙara cin abinci da daɗi ba in ya ji ƙarar inji.

Da sanyin bana ya shigo, Hilal ya sake gyara motar, ya zo neman izinin sake shiga gasar. Mahaifiyarsa Ziyana ta ce ita ba ta da ta cewa, ta tura shi wurin uban. Halfan ya ajiye kofin gahawa ya dube shi.

"Za ka hau, amma sai an naɗe bututun salansar nan da ƙyallen zafi tun daga bakin turbo har ƙasa. Kuma ni zan naɗe."

"Baba, akwai masu yin wannan a gareji."

"Masu garejin ne suka haife ka?"

Ana gobe gasa suka zauna a tsakar gida da bokitin ruwa. Ƙyallen dogon tsiri ne fari na zaren gilashi, sai an jiƙa shi yake laushi ya bi lanƙwasar ƙarfe. Halfan ya ƙi sa safar hannu, wai ba ya jin aikin da ita. Yana ja yana ɗora kowane zagaye a kan rabin na baya, in ya kai gwiwar bututu ya tsaya ya gyara zama.

"Baba, rawani kake naɗa mata? Ba ɗaurin aure za ta ba."

"Kai da naka rawanin ke warwarewa kafin ka kai masallaci, miƙo min filaya."

Suka ɗaure bakin da ɗamarar ƙarfe. Hilal ya tayar da injin ya bar shi yana aiki, ƙyallen ya yi ta fitar da farin hayaƙi mai warin rigar da aka ɗora wa dutsen guga da danshinta. Halfan ya ja da baya yana salati. Hilal ya yi dariya ya ce haka sabon naɗi yake yi, sai ya ƙone ruwansa yake dainawa. Bayan wani lokaci kuwa hayaƙin ya ɗauke, suka ɗora motar a tirela.

Da safe Halfan ya kasa zama. Hilal ya riga ya tafi wurin rajista, Halfan ne zai jawo tirelar daga baya. Ya ce bari ya leƙa sau ɗaya kawai. Da ya buɗe bonet sai ya hango wata 'yar kafa a gwiwar bututun, ba ta kai faɗin farce ba, ƙarfe na leƙowa, kuma daidai saitin tiyon mai. Bai yi shawara da kowa ba. Ya yanke ɗamarar, ya warware wurin, ya jiƙa ragowar ƙyallen sharkaf, ya sake naɗewa har ninki biyu. Lokaci ya ƙure, bai samu ya tayar da injin ba. A hanya ya yi niyyar gaya wa Hilal, amma da ya isa ya tarar da shi cikin abokansa ana ta raha, sai ya ji nauyin a ce tsoho ya sake taɓa mota.

Bayan la'asar aka fara kiran masu hawa. Jama'a sun yi layi a gindin tudun da tabarmi da flas ɗin gahawa da dabino. Kowace mota hawa ɗaya take da shi, wanda ya rasa nasa sai baɗi. Aka jawo motar Hilal da igiya har bakin layi don kada injin ya yi zafi a banza. Ya sa hular kwano, ya ɗaura bel, ya murɗa makulli, ya fara ba ta wuta.

Ba a jima ba farin hayaƙi ya fara bulbulowa ta gefen bonet.

Mutane suka miƙe. Waɗanda suka ga abin bara suka fara ja da yaransu baya. Musallam, shugaban masu kula da layi, wanda suka yi firamare tare da Halfan, ya sungumi tukunyar kashe gobara ya zare fil ɗinta yana gudu. Kowa a wurin ya san in aka fesa wannan hodar injin na aiki, turbo zai zuƙe ta, shi ke nan an gama da injin, an gama da hawan.

Halfan bai san lokacin da ya tsallake igiyar 'yan kallo ba. Sai ganinsa aka yi tsaye tsakanin Musallam da motar, hannuwa a buɗe.

"Abu Hilal, matsa. Ɗanka ne a ciki."

"Na san ko ɗan waye. Kar ka fesa."

"Kai ne fa kake hana yara cin masara a bas don kar su shaƙe. Yau kai ke tare ni?"

"Ba wuta ba ce. Ƙyalle ne jiƙaƙƙe, da hannuna na naɗa shi da safen nan. Buɗe bonet ka gani."

Hilal ya leƙo ta taga, muryarsa na fitowa daga cikin hula. "Da safen nan, Baba?"

"Ka yi shiru kai, ka riƙe sitiyarinka."

Musallam ya ɗaga bonet da hannu ɗaya, ɗayan na kan tukunyar. Hayaƙin ya turnuƙe su. Halfan ya san in ya yi kuskure, shi ne ya tura ɗansa cikin wuta da bakinsa. Ya sunkuya ya shaƙa. Warin jiya ne, na riga a ƙarƙashin dutsen guga, babu ƙaurin mai, babu na roba. Ya bi naɗin da ido zagaye bayan zagaye, bai ga ɗigon komai a kai ba. Sannan ya zura hannu ya kama tiyon mai ya riƙe. Da ɗumi kawai, kamar kofin shayin da ya huce.

"Taɓa," ya ce wa Musallam.

Musallam ya taɓa, ya duba ƙarƙashin motar, ya sake taɓawa. Ya mayar da fil ɗin tukunyar.

"In ta kama, ni da kai ne."

"In ta kama ba za ka riga ni isa can ba."

Halfan ya rufe bonet da kansa. Ya zagaya wurin taga, yana da maganganu cike da baki, na a bi a hankali, na in ka ji wani abu ka tsaya. Ya dubi idanun yaron ta cikin gilashin hula, sai ya haɗiye su duka.

"Kar ka ɗaga ƙafa sai ka kai sama," ya ce.

Aka sauke tuta. Motar ta yi kururuwa ta watso rairayi har kan tabarmin mutane, ta kama tudun tana jan farin hayaƙi a baya. Ta wuce inda ta tsaya bara. Kusa da ƙarshe, inda tudun ya miƙe kamar bango, ta fara rage gudu tana karkata, tayoyin na tona. Halfan ya ji wani yana ta ihun a taka, a taka, sai daga baya ya gane muryarsa ce. Motar ta yi wani yunƙuri, hancinta ya haye kan tudun, ta tsaya tsakanin tutoci biyun da ke nuna ƙarshen hawan.

Wurin ya kaure da tafi da hon. Halfan ya nemi wuri ya zauna a kan rairayi. Sai a lokacin ya ji yadda hannuwansa ke ƙaiƙayi saboda zaren gilashin, ya hau susa. Musallam ya miƙo masa gahawa yana cewa daga yau ya daina yarda da wannan tafiyar hawainiyar da yake yi da bas, ashe munafunci ne.

Da Hilal ya sauko ta bayan tudu, bai kula abokansa ba, ya zo ya sumbaci goshin ubansa. Suka buɗe bonet tare. Hayaƙin ya ɗauke, naɗin ya koma ruwan ƙasa kamar gasasshen burodi, ya kama ƙarfen gam, babu inda ya saki.

"Rawanin ya zauna, Baba."

"Kira mahaifiyarka, tun azahar take kan sallaya."

Hilal ya zaro waya, ya miƙa ɗayan hannun yana neman makullin motar da za ta ja tirela. Halfan ya tura makullin cikin aljihu.

"Ni zan tuƙa zuwa gida."

"Baba, sai isha'i ke nan kafin mu isa."

"To sai mu yi ta a hanya," in ji Halfan, yana ta susar hannu yana murmushi.