Ƙahon Baba

Auta ta toshe hanci da gefen mayafi, ta tura tsumma da ƙafa kan yawun da ke ƙasa. Kullum haka. Baba zai busa ƙahon nan sai jijiyoyin wuyansa sun tashi, sannan ya kifa shi, wani ruwa mai yauƙi ya zubo a tsakar ɗaki.

"Baba, don Allah, ko a waje ne."

"Auta kenan. Ke da na sha wanke wa kashi, yau ke ce mai ƙyamar yawuna?"

Ƙahon tagulla ne irin na 'yan fareti, duk ya yi kore, yana warin tsohuwar tsabar kuɗi da bakin wani. Wani abokinsa tsohon ɗan sanda ne ya ba shi, yana kuma zuwa da yamma yana koya masa. Shekara talatin Baba yana tuƙin bas yana shaƙar hayaƙi, har ƙirjinsa ya lalace. Yanzu da furfura ya tashi koyon busa. Wata uku, waƙa ɗaya, ita ma rabi.

Matar maƙwabci ta leƙo ta taga. "Auta, akuyar taku ba ta haihu ba har yanzu?"

Kunya ta kama Auta kamar ta nutse. Baba ya shiga wanka, don yau ne ranar komawa asibiti. Likita ya ce in numfashin bai ƙaru ba, za a riƙe shi a ɗaura masa bututun iska. Tana tsaye sai ta ji muryar ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarfuna, yana tura amalankensa a layi. Ta ɗauki ƙahon da yatsu biyu, ta fita, ta jefa a ciki.

"Tafi da shi kawai. Kar ka tsaya."

A asibiti suka zauna a benci, tsakanin wani mai tari a hankici da wata mai amai a leda. Da aka kira su, ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa Baba wani bututu mai awo.

"Baba, ja numfashi, ka hura da ƙarfi."

Baba ya gyara zama, ya daidaita leɓe, ya hura. Ya yi ta hurawa. Ma'aikaciyar ta duba awon, ta ce ya sake. Ya sake. Ta kai wa likita takardar.

Likita ya ɗaga gilashinsa. "Baba, wa ya ara maka huhu?"

"Nawa ne, ɗana. Busa nake koyo." Ya shiga ba shi labarin ƙahon, har da kwaikwayon waƙar da baki.

"To, magani ya yi nasa, amma wannan ma ya taimaka. Ba za mu riƙe ka ba. Sai dai kar ka bari ko na kwana ɗaya." Ya juyo wajen Auta. "Ke ce mai kula da shi? Ki riƙa tuna masa."

Auta ta ce to, idonta a ƙasa.

Ta sa Baba a bas, ta ce za ta biya shagon ɗinkin da take aiki. Sai da ta tambayi mutum huɗu kafin a nuna mata filin da 'yan gwangwan ke sauke kaya. Tun daga ƙofa wari ya tare ta, na ruɓaɓɓen ruwa da ƙonanniyar roba. Ƙudaje suka yi mata maraba. Takalminta ya nutse a wani baƙin taɓo da ba ta so ta san ko mene ne ba.

Ta hango mutumin yana cin abinci da hannun da bai wanke ba.

"A'a, 'yan mata! Ke da kika ce kar in tsaya?"

"Kayana nake so."

Ya nuna wani tsibi da haɓa. "Ga shi can. In kin gani, naki ne."

Ta naɗe hannun riga. Ta ɗaga murfin tukunya mai tsatsa, ta ture gwangwanayen kifi masu tsutsa, ta janye wani fo na ƙarfe da har yanzu akwai abin da ya bushe a cikinsa. Sau biyu amai ya taso mata, ta haɗiye. Can ƙasa ta ga koren tagullar. Ta zaro shi. An danne shi da wani ƙarfe, gefensa ya lotsa.

"Ya mutu," in ji ɗan gwangwan. "Bar shi a narka."

"Malam, don Allah ka gwada mini."

"Ni? In sa bakina a wannan? Allah ya kiyaye. Ina da iyali."

Abokan aikinsa suka fashe da dariya, suka matso kallo. Auta ta dubi bakin ƙahon. Taɓo ya shiga ciki. Ba za ta kai wa Baba gawa ba, ta tsaya tana kallon fuskarsa yana hurawa shiru. Ta goge da mayafi, ta rufe ido, ta kafa leɓe.

Da farko iska ce kawai, da ɗaci a harshe. Ta tofar. Ta sake ja, ta hura da duk ƙarfinta. Wata muguwar ƙara ta fito, har wani kare da ke kwance ya zabura. Kafin ta ƙirga uku numfashinta ya ƙare, jiri ya ɗebe ta, ta dafa amalanke. Ita mai shekara ashirin da biyu. Tsohon nan kuwa yakan riƙe har ta gama share ɗaki.

"Yaya, da ransa?" in ji ɗan gwangwan.

Ta gyaɗa kai tana haki, ta saƙale ƙahon a hammata, ta nufi tashar bas.