Ƙirjin Zulkiflu

Shekarar da Dorinar Yauri ta hau babban rukunin ƙwallon kwando na ƙasa, waɗanda suka san wasan cewa suka yi ba za ta daɗe a can ba. Kulob ne na mutum ɗaya, Alhaji Umaru mai injin casar shinkafa, filinsu kuma daɓen siminti ne da rufin kwano a bayan kamfaninsa. 'Yan wasansu suna da gudu da iya jifa daga nesa, amma a ƙarƙashin kwando, inda dogaye ke ture juna, ba su da kowa. Wannan ne ya sa aka ɗauko Andarawus.

Andarawus mutumin ƙasar Shanga ne. Ya buga wasa a Kaduna da Legas har gwiwarsa ta gaza, sannan ya dawo gida. Aikin da Alhaji ya ba shi ɗaya ne: ya nemo dogaye, ya horar da su. Ya zaga kasuwanni da makarantu da majami'u yana kallon saman kawunan mutane, har ya samo biyu.

Na farko Peter ne, ɗan wani ƙauye a bayan Ngaski, ƙato kamar rumbu, mai nauyin ƙafa, amma in ya tsaya a wuri babu mai gusar da shi. Na biyun kuwa a bakin ruwan Wara ya gan shi, ana sauke buhunan albasa daga jirgi. Sauran masu dako sai sun shiga ruwa zuwa gwiwa, shi yana tsaye a kan tudu yake miƙa hannu ya karɓo. Sunansa Zulkiflu. Siriri ne, ya kusa ƙafa bakwai, yana sanye da tabarau mai kauri. Yatsunsa in suka kama ƙwallo sai ka ce lemu ya riƙe. Tsakiyar ƙirjinsa a loɓe take, har abokan wasa suna tsokanarsa wai zai iya dama fura a ciki, shi ma ya yi ta dariya.

Kafin kakar wasa ta biyu ta ƙare, maganar yaran nan biyu ake yi har a Abuja. Peter ya tare hanya, Zulkiflu ya tashi sama ya kaɗe ƙwallo ko ya danna ta cikin kwando. Ana cewa in Dorina ta riƙe su na 'yan shekaru, kofi zai zo Yauri, Zulkiflu kuwa ba zai ƙare a ƙasar nan ba. Andarawus yana jin wannan, yana kuma ganin wani abu da bai faɗa wa kowa ba. Wani lokaci a tsakiyar atisaye yaron yakan tsaya cak, ya kai hannu baya tsakanin kafaɗunsa, fuskarsa ta yi fari-fari.

“Lafiya?”

“Ba komi, Koci. Iska ta sarƙe ni.”

Da Alhaji ya so a ɗaure Zulkiflu da doguwar yarjejeniya, sai yaron ya ce sai an tambayi mahaifiyarsa. Suka tafi Wara tare da Andarawus, ƙarshen damina, tafki ya cika ya shanye gonakin bakin gaɓa. Sun tarar da Inna Ramatu tana bandar kifi a tsakar gida. Ta aiki ɗan nata ya kai wa maƙwabta saƙo, ta shimfiɗa wa baƙo tabarma. Andarawus ya lura da ƙofar ɗakin da ke gabansa: an fasa samanta an ƙara mata tsawo, kuma aikin ya tsufa.

“Don Zulkiflu aka ɗaga ta, Inna?”

“A'a. Ubanai ya ɗaga ta da hannunai. Ya ɗara wanga tsawo.”

Andarawus ya san mahaifin ya rasu, kuma ya ɗauka ruwa ne ya ci shi, kamar yawancin mazan bakin tafki da suka tafi da wuri. Ya faɗi hakan cikin ta'aziyya. Ta girgiza kai tana juya kifi.

“Ba ruwa ba ne, Malam. Injin jirgi ya ɗauka zai aza bisa kafaɗa, sai ya aje, ya ce wani abu ya yage a bayanai. Ya zamna. Kafin a kawo mai ruwan sha ya cika. Ƙanenai Bappa ma hakanan, cikin kasuwa, yana cikin dariya. Uwarsu doguwa ce, wurin haihuwa ta tafi.” Ta ɗago ta dube shi cikin hayaƙi. “Ban taɓa ganin furfura a kan dogon gidanga ba. Shi ya sa da kuka raba shi da dako na yi murna. Wasa dai ai ba ya kai ɗaukar buhu wahala, ko?”

Andarawus ya tuna yadda Peter ke kai wa yaron kafaɗa a ƙirji kullum da safe, da umarninsa, don ya saba. Ya ce mata za su kula da shi. A hanyar komawa Yauri Zulkiflu ya naɗe ƙafafu a kujerar baya yana ta ba shi labarin 'yan wasan waje da yake kallo a waya.

Washegari ya sami Likita Susan, wadda ke duba 'yan wasan kulob in ta tashi daga aikinta na asibiti. Ta saurare shi har ya gama, ta sa aka kira Zulkiflu. Ta ce ya zagaye wuyan hannunsa da babban yatsa da ƙaramin yatsa. Yatsun suka haɗu har suka hau juna. Ta auna faɗin hannuwansa a buɗe, ta tarar ya fi tsawonsa nesa. Ta cire masa tabarau ta haska idonsa, ta daɗe tana dubawa.

“Zan tura ku Sakkwato a ɗauki hoton zuciyarsa,” in ji ta. “Kafin nan kada ya taɓa ƙwallo.”

A Sakkwato likitan zuciya ya juyo musu da allon na'urar ya nuna wani wuri da biro. Ya ce wannan ita ce babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya, kuma ta Zulkiflu ta buɗe fiye da ƙima, kamar mesar ban ruwa da ta kumbura a wuri ɗaya. Gado ne, in ji shi, kuma shi ne ya ba shi tsawon da dogayen yatsun. Da magani da natsuwa zai iya rayuwa mai tsawo, wataƙila a yi masa aiki nan gaba. Amma tsalle da karo da ɗaukar nauyi, kowannensu na iya fasa ta, kuma in ta fashe ba a kaiwa asibiti.

Alhaji Umaru bai so jin wannan ba. Ya ce rai a hannun Allah yake, ya ce yaron ya yi kaka biyu yana wasa ba abin da ya same shi. Andarawus ya ce in aka sa shi a fili, to a nemi wani koci. Alhaji ba mugun mutum ba ne. Daga ƙarshe ya ce a bar wa yaron albashinsa, ya zama mataimakin koci.

Zulkiflu ne ya ƙi.

“Koci, kai ka same ni bakin ruwa ina dakona, ban roƙe ka ba. Kai ka ce min hannuna zai kai ni inda ban taɓa mafarki ba. Yanzu ka ce in zamna bisa benci in riƙa miƙa ma Peter tawul?”

“Na ce ka rayu, Zulkiflu.”

“Babana bai taɓa ƙwallo ba, ya mutu. In zamna ma tana iya fashewa, ko ba haka likita ya ce ba?”

“Ya ce in ka zauna da wuya ta fashe.”

“Da wuya,” in ji yaron, ya ɗauki jakarsa.

Ba a jima ba aka ji ya sa hannu da wani kulob na kudu, tun da ba a kai ga ƙulla doguwar yarjejeniyar nan ba. Andarawus ya nemo lambar kocinsu ya gaya masa komai. Mutumin ya yi dariya, ya ce likitansu ya ɗora abin sauraro a ƙirjin yaron ya ji zuciya kamar ta doki, kuma ya san yadda ƙananan kulob ke yi in babban kifi ya kuɓuce musu. Andarawus ya koma Wara ya gaya wa Inna Ramatu gaskiya. Ta kira ɗanta a waya a gabansa, ta yi kuka, ya yi mata rantsuwa yana shan magani kuma ba ya wahalar da kansa. Da ta ajiye wayar ta ce, “Ya yi min ƙarya. Na ji a muryarsa.”

Da jadawalin sabuwar kaka ya fito, kulob ɗin nan na cikin waɗanda za su zo Yauri.

Ranar wasan, bayan la'asar, filin ya cika har mutane na hawa katangar kamfani. Mutanen Wara sun zo mota-mota don ganin ɗansu. Hadari ya taso daga wajen tafki ya tsaya, bai zubo ba, zafi ya taru a ƙarƙashin kwano. Zulkiflu ya shigo cikin jar riga, ya ƙara jiki kaɗan a kafaɗu, alamar suna sa shi ɗaga ƙarfe. Ya gaisa da kowa. Da ya zo kan Andarawus ya rusuna ya ba shi hannu biyu.

Andarawus ya ja Peter gefe. Peter ne zai tsare shi, babu wani.

“Ka tsaya a gabansa, ka ɗaga hannu. Kada ka kai masa kafaɗa. Kada ka taɓa ƙirjinsa.”

“Koci, in ban ture shi ba zai ci mu.”

“Na sani.”

Aka busa usur. Karon farko da ƙwallo ta je hannun Zulkiflu, ya jingina baya yana jiran nauyin Peter kamar yadda ya saba, sai ya ji wayam. Ya juya ya zura ta. Na biyu ma haka. A na uku ya tsaya da ƙwallo a hannu ya dubi Peter, sannan ya dubi benci inda Andarawus ke tsaye. Ya gane.

Daga nan wasan ya canza. Zulkiflu ya daina zagaye Peter, ya koma afka masa da gangan, ƙirji da ƙirji, har ana jin ƙarar karon daga benci. Peter na ja da baya, shi yana bin sa. “Buge ni mana!” yake cewa. “Ni ba gawa ba ne! Buge ni!” Ya tashi ya danna ƙwallo ya rataye a jikin zoben kwandon, ƙarfen na lanƙwasa, mutanen Wara na ihu suna buga galan. 'Yan Yauri suka fara zagin Peter, suna ce masa rago. Alhaji Umaru ya aiko a tambayi Andarawus ko sayar da wasan ya yi.

Andarawus ya daina duba allon maki. Hannun yaron kawai yake kallo. Likita Susan ta matso kusa da layi da jakarta a kan cinya, ko da yake dukansu sun san babu abin da ke cikin jakar da zai yi amfani.

Ana cikin zubi na ƙarshe Zulkiflu ya sauko daga wani tsalle ya tsaya. Ya sunkuya, ya dafa gwiwa da hannu ɗaya, ɗayan ya tafi baya a hankali, tsakanin kafaɗu. Andarawus bai san lokacin da ya shiga fili ba. Alƙalin wasa ya busa masa laifi, 'yan kallo suka yi ca. Kafin ya isa, yaron ya miƙe, ya gyara igiyar tabaransa, leɓunansa sun bushe.

“Koma wurinka, Koci,” ya ce a hankali. “Ba kai ke da ni ba yanzu.”

Ya ƙarasa wasan a tsaye. An ci Dorina da rata mai yawa. Mutanen Wara suka so ɗaga shi sama, ya hana su, ya je ya zauna a benci da tawul a kansa, ya daɗe bai motsa ba. Wani mutum mai farar riga da ya zo daga Legas, wanda aka ce yana kai 'yan wasa ƙasashen waje, ya tsuguna a gabansa yana magana. Andarawus ya jira mutumin ya tashi, ya tare shi a bakin ƙofa ya gaya masa abin da hoton Sakkwato ya nuna. Mutumin ya saurara da ladabi, ya ce ai can suna da manyan likitoci, za su duba. Sannan ya bi motar baƙin da sauri don ya karɓi lambar yaron.

Motar ta fita ta kama hanyar Kontagora, an fara yayyafi. Fili ya watse, saura masu shara. Peter na zaune a ƙasa ya jingina da ƙarfen kwando, ƙirjinsa duk shaidar karo. Bai cire takalmi ba.

“Koci,” ya ce, “da ya faɗo min na ƙarshen nan, na ji zuciyarsa a jikina. Ba daidai take bugawa ba.”

Andarawus ya zauna kusa da shi, gwiwarsa na ciwo.

“Wata mai zuwa mu za mu je gidansu,” in ji Peter. “In na bar shi, shi zai zo ya same ni. In na tare shi, ni ne sanadi. To yaya zan yi?”

Andarawus ya ce masa ya tashi ya je ya yi wanka, za su yi magana gobe. Peter bai tashi ba, shi ma bai sake cewa ya tashi ba. Ruwa ya ƙaru a kan kwano har ba a jin tsintsiyar masu shara.