Tsutsar da ke Idon Goggo

Wata biyu Goggo, ƙanwar mahaifina, tana cewa akwai abin da ke tafiya a idonta, ba wanda ya yarda. Mijinta ya ce ɗinki ne ya yi mata yawa, tun safe tana duƙe a kan keke. Sau biyu na raka ta asibiti, a haska, a ce ba komai.

A zuwa na uku muka tarar da wata likitar ido, gajera mai furfura. Ita ma ba ta ga komai ba, amma sai ta jawo kujera kusa.

"Yaya yake tafiyar?"

Goggo ta lanƙwasa yatsa. "Kamar jiƙaƙƙen zare. Ya taso daga gefen hanci, ya ratsa, ya ɓace."

"Kin taɓa zama kusa da kurmi?"

"Shekara huɗu. Ƙudajen wurin har jini suke fitar wa mutum."

"To, na yarda da ke. Tsutsa ce mai yawo ƙarƙashin fata, takan biyo ta farin ido. Sai ta leƙo zan iya kama ta."

Goggo ta fashe da kuka. Likita ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta sa aka ajiye mata benci a bakin ƙofa. "Da kin ji motsi ki buga, ko da wa nake."

Kwana biyu muna zaman gadi, shiru. Goggo har ta gyara wa masu jiran layi maɓallai. Rana ta uku da azahar ta zabura, ta daki ƙofar da ƙafa. Likita ta fito da loma a baki. Kafin in tattara jakunkuna ta wanke hannu, ta kwantar da Goggo, ta ɗiga mata maganin kashe zafi.

"Kalli kunnena, Goggo, kar ki kalli hannuna. Gaya min, yaya ake yanka wuyan riga?"

Goggo na bayani, likita ta ɗan tsaga fatar idon, ta sa ɗan hantsaki. A hankali ta zaro tsutsar, fara, siririya, tana mutsu-mutsu.

"Ashe ke ce, 'yar banza!" in ji Goggo.

Likita ta yi dariya. "Da saura. Gobe za mu auna jininki, ƙila tana da 'yan uwa."

Goggo ta riƙe hannunta gam tana ta sa mata albarka. Mutum sama da goma na jira a waje, amma likita ba ta zare hannun ba sai da Goggo ta shafa addu'ar.