Haƙoran Tambur

Shekarar da fari ya sake dawowa, zamanin soja, gidan Mumuni tela a Tasawa har hatsin iri suka cinye. Gona tana nan, ya share ta tas, amma babu abin zubawa a rami.

Rumfar ɗinkinsa tana kallon biron noma, wato ofishin malaman gona. A saman biron akwai wani zakaran ƙarfe da ke juyawa da iska. Shekara ashirin Mumuni yana hangensa ta kan keken ɗinki, ya san halinsa: muddin bakin yana duban gabas, da sauran lokaci, ran da ya juya kudu maso yamma ya tsaya, ruwa ya kusa. Wanda ruwan farko ya iske babu iri a hannu, shekararsa ta tafi.

Ana nan sai ya ji labarin wani Nasara mai aikin gina rijiyoyi, wai yana tara tsofaffin tambur, kan sarkin nan da ake mannawa a wasiƙa, kuma akwai irin gero a mangazarsa, wato ɗakin ajiyarsa. Mumuni kuwa yana da wasiƙun wansa, marigayi Manzo, wanda ya yi sojan Faransi, yana aikowa tun daga Madagaskar da Indoshin. Ya jiƙa ambulan ɗin, ya ɓamɓare tambur ɗaya bayan ɗaya. Da ya jera su a tabarma sai ya ga bakinsu duk tsage-tsage. Shi fa tela ne, bai taɓa miƙa wa mutum riga ba tare da ya kalmashe bakinta ba. Ya ɗauko almakashi. Matarsa Rakiya ta ce ya bar su yadda suka zo, ya ce ta ji da turminta, gyaran baki aikinsa ne. Ya datse su tsaf.

Nasara ya ɗaga ɗaya da ɗan hantsaki, ya duba, ya dafe kai.

"Ina haƙoran?"

"Ai na gyara maka su."

Da Hausarsa ta koyo Nasara ya fahimtar da shi cewa haƙoran nan su ne darajar. Wanda aka datse takarda ce kawai. Da ma a jikin ambulan ya bar su, da hatimin gidan waya a kai, da buhu guda ya ba shi ba ciniki. Mumuni bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya tambaya, yaushe zai bar gari. Aka ce Juma'a.

A gida Rakiya ba ta ce ai na faɗa maka ba. Sai ta tuna masa cewa Manzo ya riƙa rubuta wa ƙanwarsu Zara'u ma, wadda ke aure a Hawandawaki. Ranar nan kuwa zakara ya fara waige-waige.

Mota ba ta shiga garin sai ranar kasuwa, shi kuma ba zai jira ba. Da shekarunsa sittin ya saɓa gora ya kama hanyar rairayi. Da ya isa ya faɗa wa Zara'u komai, har da ɓarnar da ya yi. Ta ciro wasiƙu uku daga ƙasan adaka, ƙunshe a tsohon zane, ta ce su kaɗai suka rage mata na Manzo. Ya ce maganar Manzo tana ciki, ta riƙe abinta. Shi rigar kawai yake so, wato ambulan ɗin.

Ta daɗe tana juya su a hannu.

"Yaya, da sharaɗi. Rabin irin nawa ne. Kuma almakashinka ya zauna a aljihu."

Ran Alhamis da la'asar Mumuni ya ajiye ambulan uku gaban Nasara, ƙafafunsa duk sun kumbura. Nasara ya duba hatimi, ya ƙara dubawa, ya sa aka ɗora buhu a amalanke.

Da suka zo wucewa ta biron noma Mumuni ya ɗaga kai. Zakara ya juya kudu maso yamma, ya tsaya cak.

Ya raba irin biyu a tsakar gida, ya ce wa Rakiya ta fito da sungumi, in ruwa ya sauka bai dawo ba ta fara shuka. Ta ce ko ƙafar ba zai bari ta huce ba? Ya ce hadarin da ke zuwa Tasawa ba zai tsallake gonar Zara'u ba. Ya sha fura a tsaye, ya ɗora rabin buhu a ka, ya sake kama hanyar Hawandawaki.