Muryar Da Ta Fita a Lasifika

"Ki yi min shiru da waƙar nan, Esuon. Ba taki ba ce."

"To ta wa ce? Ta kifin da nake soyawa?"

Na jingine tsintsiya na matsa jikin bango. Bangon da ya raba ɗakina da na Egya Bentsil na katako ne, kuma ba ni na sa aka yi shi haka ba. Ranar Asabar ce, ranar wasan ƙwallo na ƙarshe tsakanin makarantar kan tudu da Kwalejin Bakin Gada. Egya Bentsil yana kwance tun farkon damina, zuciya ta hana shi sakat, ƙafafu sun kumbura kamar doya. Matarsa Maame Esuon tana suya a tsakar gida, ta shagala tana rera waƙar makarantar kan tudu, wadda mijinta ya yi, a hanci. Mutumin da sai an kira shi sau uku ya ji an ce ga magani, wannan kam ya ji ta tun daga gado.

Dokar waƙar nan ko akuyar garinmu ta san ta. In an tashi wasa, wanda ya yi makarantar ya dafa ƙirji ya rera. Wanda bai yi ba, ko da uwar da ta sayar da zannuwanta ta kai ɗa ce, ta miƙe tsaye ta kama bakinta. Kuma ba mai cewa uffan sai tsohon ɗalibin da ya riga kowa gamawa ya ɗauko layin farko. Tun da aka binne Lauya Hagan, Egya Bentsil ne mai ɗaukowa, ba ya kuma wasa da abin. Da idona na ga ya nuna matar hedimasta da sanda a tsakiyar rumfa don ta motsa leɓe.

Esuon ta ce masa tun tana amarya take goge masa laktayen makarantar nan mai ratsin kore, kullum da safe tana jin waƙar daga banɗaki, har ranar da take naƙudar ɗansu Ato shi yana filin ƙwallo yana rerawa. Ya ce guga ba jarrabawa ba ce. Ya ce ma ta ɗauko masa laktayen daga ƙusar bayan ƙofa, fili za shi.

Nan faɗan ya canza hanya. Ta tuna masa likita ya ce ko coci kada ya je. Ya ce in bai je ba Aidoo ne zai ɗauko waƙar, Aidoo da ya shigo makaranta a bayansa, wanda ya sha wanke masa kwano, kuma kullum yake farawa can sama har yara su riƙa ƙara kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Ta ce ita ba za ta ɗauko gawa daga filin ƙwallo ba.

"To ki bar ni can, yara su kawo ni," in ji shi.

A daidai nan na tuna gishirina ya ƙare. Na shiga da ɗan kofi, na fito da tsoho a kafaɗa, ni a hagu Esuon a dama, har cikin tasi.

Fili ya cika har kan bishiyoyi. Masu sayar da dokunu, tuwon masara a ganye, da soyayyen kifi sun jeru bakin waya, ganguna suna tashi ta ko'ina, yaran kan tudu sun shafa kore a fuska kamar waɗanda suka faɗa a miyar ganye. Da aka hango mu tsofaffin ɗalibai suka miƙe suna "Siniya, Siniya". Mista Aidoo ma ya miƙe, amma ni na ga fuskarsa. Ya sha sabon kwat, ga kwalbar zuma da lemon tsami a aljihu, ya zo da shirinsa. Ya ce, "Siniya, ai mun ɗauka hutawa za ka yi." Egya Bentsil ya ce zai huta in ya ga abin hutawa.

Ni ƙwallo ban san kanta ba, aji uku na yi aka cire ni aka kai ni shanyar kifi. Amma na san shekaru da yawa 'yan Bakin Gada suna zuwa su ci mu su tafi suna mana gwalo ta tagar mota. Ranar kuwa aka ƙi ci, aka ƙi ciwuwa. Mai tsaron gidanmu wani siriri ne kamar sandar rake, ya tare ta hannu, ya tare ta ƙafa, ɗaya ma da fuska ya tare, Esuon ta ce wayyo ɗan mutane. Ana dab da tashi wani gajere ɗan kan tudu ya kwaso ta daga tsakiya, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, takalminsa ya fita, bai tsaya ba, ya narka ta a raga da safa. Na tsinci kaina rungume da wani fasto da ban taɓa gani ba, ɗankwalina kuma har yau ban san wanda ya tafi da shi ba.

Alƙali ya hura usur. Yara suka jeru a gaban rumfa suna haki, hannu a ƙirji. Ganguna suka ɗauke. Muka ɗaga Egya Bentsil tsaye, aka kawo makirfo aka riƙe masa a baki.

Ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito.

Ya haɗiye yawu ya sake. Lasifika ta watsa numfashinsa a fili duka, wani irin huci kamar na tulun da ya tsage. Mutane suka fara kallon ƙasa. A bayanmu na ji Mista Aidoo ya yi gyaran murya, ya tako gaba ɗaya.

Esuon ta ɗauka layin ne ya ɓace wa mijinta. Ta sunkuya daidai kunnensa ta rera masa a hankali don ya kama. Ta manta makirfo ba shi da kunya. Muryarta ta fita ta kowace lasifika, har ta saman motar 'yan Bakin Gada, muryar tsohuwa mai soya kifi, a tsaye cak, ba sama ba ƙasa.

Yara ba su jira fatawar kowa ba, suka cafe. Rumfa ta ɗauka, bishiyoyi suka ɗauka. Esuon ta toshe bakinta da hannu kamar wadda ta fasa kwanon suruka. Egya Bentsil ya juyo yana kallonta, na ce yau sanda za ta yi aiki. Sai ya kama hannun nan nata ya sauke shi daga bakinta, ya riƙe, leɓensa yana bin waƙar har ƙarshe. Ni dai na kama bakina yadda doka ta ce, don layin Latin ɗin da ke cikin waƙar da sunayen kifaye na haddace shi.

Muka shiga tasi, muka wuce gidan mai. Sannan Egya Bentsil ya ce wa Esuon, ba tare da ya dube ta ba, "Kin ja numfashi a inda ba a ja."

Bai sake tashi daga gado ba. Amma kullum bayan la'asar, in na zo share jikin bango, sai in ji su. Ita tana rerawa, shi yana buga gefen gado da cokali. In ta yi kuskure ya buga da ƙarfi, ta ce ya bi ta a hankali ita ba 'yar aji ɗaya ba ce, ya ce 'yan aji ɗaya sun fi ta jin magana. Har baiti na biyu suka kai, wanda ko tsofaffin ɗaliban haɗiye rabinsa suke yi. Ranar Alhamis na ji ta rera tun daga farko har ƙarshe, cokali bai buga ba. Na tsaya da tsintsiya ina jira. Sai na ji ta kira sunansa, sunan yanka, wanda ban taɓa jin ta faɗa ba.

Ranar zaman sati guda da rasuwar Egya Bentsil, tun ba a binne shi ba, Mista Aidoo ya zo da kwat ɗinsa ya zauna a kujerar marigayi. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, sannan ya shigo maganar da ta kawo shi. Ya ce abin da ya faru a fili ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta yafe, tunda kuskure ne. Amma a bakin kabari shi zai ɗauko waƙar, kuma ana roƙon iyali su tsaya kawai.

Esuon tana zaune cikin baƙin zane, ta ce Siniyansa ya bar saƙo. Marigayi ya ce ita za ta ɗauko, Aidoo ya shigo a layi na biyu, kuma ya rage murya.

Mista Aidoo ya tambaya wa ya shaida wannan magana.

Na ce, "Ni, ranka ya daɗe. Ta bango."

Ya dube ni, ya dube ta, ya ɗauki hularsa. Ya ja ƙofar da ƙarfin da sai da kofin gishirina, da na manta a kan taga tun ranar wasa, ya faɗo ƙasa. Laktayen kore da ke rataye a ƙusar bayan ƙofa ya yi ta lilo. Esuon ta zuba masa ido har ya tsaya, sannan ta tashi ta jona dutsen guga.