Sakamakon Baba Ya Maƙale a Rumbu

Ka ga ƙorafin nan da aka kawo ofis kan sakamakon gwaji da ke maƙalewa. Kai ne ka rubuta "ba na gaggawa ba ne" a ƙarƙashinsa wata takwas da suka wuce, ka kau da kai.

Yau da hantsi Yaya ta kira ni daga ɗaya cikin asibitocin da ke amfani da manhajarmu. An ɗebi jinin Baba tun safe. Likita ya ce ba zai yi masa ƙarin jini ba sai ya ga sakamako, masu ɗakin gwaji sun rantse sun tura, firintar ɗakin majinyata kuma shiru.

"Auta, ba ku ne masu kwamfutar ba?" in ji ta. "Leɓensa fa ya yi fari."

Na buɗe aikin. Manhajar ba ta tura sakamako ɗaya-ɗaya. Tana tara su a wani ɗan rumbu, sai ya cika ko an rufe shi ta juye wa firinta. Babban ajin, wato uwar sashen manhajar da aka fara rubutawa, yana juye rumbun kafin ya rufe. Ajin da ya gaje shi, na asibitoci, an sake masa hanyar rufewa, aka manta da juyewar. Ranar cunkoso rumbu kan cika da kansa. Yau mutane kaɗan ne.

Dogo, abokin teburina, ya leƙo yana dariya, wai ai tsohon mai gwajin asibitin can ya san maganin abin: yakan tura fom goma babu komai a ciki, su tunkuɗo na gaskiya. Na ce tsohon ya yi ritaya makon jiya. Ya daina dariya.

Na kira Yaya na ce ta ruga ta gaya wa sabuwar mai gwaji. Ina jin takunta a kan bene, ina jin matar tana musu, wai ita ba a koya mata tura fom wofi ba. Yaya ta yi ta roƙo. Da ta yarda ta fara turawa, a fom na tara firinta ta yi tari, takardar Baba ta fito.

Gyaran layi ɗaya ne, na rubuta, na gwada. Amma dokar ofis ta ce sai mutum na biyu ya duba ya amince, kuma sunanka ne a kai. Asibiti huɗu ke kan manhajar nan, ban san sakamakon wa ke kwance a rumbu yanzu ba.

Ajiye abin da ke hannunka. Buɗe ka duba, ka amince, kafin ka tashi daga kujerar nan.